Ƙirin da Aka Jiƙa da Rubutu

Ku matso kusa, jikokina, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ko da yake akwai jirgi a ciki, akwai tsuntsaye, akwai ruwa. Aiki ne da na yi da hannuwan nan nawa, kuma waɗanda suka gani da idonsu ba su ƙare ba tukuna. Na ji ku ɗazu a zaure kuna cewa ɗaura kyamara a jikin jirgi ba sana'a ba ce, wai abu ne da ake mannawa a latsa, shi ke nan. To, ku saurara.

Ni ba 'yar dukawa ba ce. Aure ne ya kawo ni gidan dukanci a nan Bebeji. Kakanku Malam, Allah Ya jiƙansa, shi ya koya mini, kuma ba don sha'awa ba, sai don aiki ya yi masa yawa. Farkon abin da ya ba ni shi ne murza zare da kakin zuma. Na daɗe ina murza zare kafin ya bar ni na taɓa basilla, na daɗe da basilla kafin ya ba ni wuƙa. Kayan aikinmu ba su da yawa: basilla, wuƙa mai lanƙwasa, dutsen wasa ta, katakon da ake yanka a kai, sai kaskon jiƙo. Muna ɗinka kuben wuƙa, muna rufa laya, muna gyaran guga da linzami. Amma abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne ƙiri.

Ku da ba ku sani ba, ƙiri igiya ce da ake yankowa daga ƙirgi, wato fatar saniya da ba a jeme ba. A jiƙa shi ya yi laushi, a ɗaura yana jiƙe, a bar shi a rana. Yana bushewa yana tsukewa, har ya kama abin da aka ɗaure kamar tare aka halicce su. Malam yakan ce mini, "Hansai, ba ke kike ɗaurewa ba, rana ce. Ke naki ki nuna mata hanya." Abokin gabar ƙiri kuwa ɗaya ne, ruwa. Abin da ya ba shi laushi da fari, shi zai sassauta shi daga baya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana nan, ana nan, har na aurar da autata Saude, furfura ta fara fito mini. Wata rana da bazara ina tsakar gida ina rufa laya, sai ga Haladu, ƙanin Malam, mai shagon hoto a Tudun Wada. Ya shigo yana gumi, ya ajiye wani ɗan abu baƙi a gabana, da kaɗan ya fi akwatin ashana, da ido ɗaya a goshi.

Ya ce, "Matar yaya, kin san wannan?"

Na ce, "Na ga dai kama da kai. Ido ƙuru-ƙuru, ba ya kunyar kowa."

Ya ce, "Wallahi ya fi ni kunya, tunda shi ba ya cin abincin gidanki." Sannan ya zauna ya ba mu labari. Akwai wani matuƙin jirgi, Kyaftin Garba, mutumin Doguwa, wanda ya ajiye aiki ya dawo gida da wani ɗan ƙaramin jirgi mai mazaunin mutum ɗaya. Masu manyan gonaki suna ɗaukarsa ya tashi ya ɗauko musu hoton gonakinsu daga sama. Haladu ne mai kula da kyamarar. To, kyamarar ta zo da nata gam ɗin mannawa, amma waɗanda suka yi gam ɗin ba su san ranarmu ba. Ya narke, ta farkon ta faɗo a wani wuri tsakanin Ƙiru da Ƙafin Maiyaki, ba a ƙara ganin ta ba. Wannan ita ce ta biyu, kuma Kyaftin ya ce ba zai tashi da ita ba sai an sami ɗaurin da zai yarda da shi.

A lokacin idon Malam ya riga ya fara hazo. Ya juya abin a hannunsa, ya miƙo mini, ya ce wa ƙaninsa, "Kai ta. Hannunta ya fi nawa yanzu."

Ranar da na fara ganin jirgin, a wani fili ne da aka share kusa da ruwan Tiga. Na zaci zan ga wani abu kamar gida. Sai na tarar da abu kamar babur aka sa wa fukafukai. Kyaftin dattijo ne, gajere, mai magana a hankali. Ya gaishe ni har da rusunawa, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san jirgi ba, fata na sani." Ya ce, "Ni kuma ban san fata ba, Iya. Sai mu haɗa."

Ya zagaya da ni. Ya nuna mini sandar ƙarfen da ta tokare fiffike, ya ce nan aka yarda in ɗaura. Ya nuna mini wuraren da suke motsi, ya ce ko zarena kada ya taɓa su. Sannan ya kai ni bayan jirgin, ya dafa wutsiyarsa. "Duk abin da ya kuɓuce a gaba, nan iska za ta jefo shi. In ya bugi nan, Iya, ba kyamara za a yi wa ta'aziyya ba." Ya ce dole bayan ɗaurina a ƙara wata siririyar waya, ko ɗauri ya saki, ita ta riƙe. Na ce, "Wato majanyi. A goya yaro da zane, a ƙara masa majanyi." Ya yi dariya, ya ce daga ranar sunan wayar ke nan.

Ɗinkina na farko, gida na yi mata irin na laya, na rufe ko'ina ruf, na bar ido kawai. Ya yi kyau ƙwarai. Jirgi bai yi nisa ba kyamara ta ɗau zafi ta mutu. Ashe abin yana numfashi. Na dawo na huda mata tagogi ta gefe da ta baya, na bar wurin da Haladu zai sa yatsa ya latsa.

Na biyu, na ɗaure gidan kai tsaye a jikin sandar, ƙiri ya bushe ya kama tamau. Na ce yau kam an gama. Da aka kunna hoton, sai gonaki suka riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, itatuwa suna lanƙwashewa kamar ana kallonsu a cikin ruwan kwano. Kyaftin ya ce rawar injin ce take bi ta ƙarfe ta shiga idon kyamara. Na kwana biyu ina juya maganar. Rannan ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, sai na lura ƙafata tana dukan ƙasa amma ruwan bai zuba ba. Me ya hana? Gammo. Na ajiye tulun, na samo audugar rimi da lallausar fatar akuya, na ɗinka wa kyamara ɗan gammo, na sa tsakaninta da ƙarfe.

Kada ku zaci nan aka gama. In gammo ya yi laushi da yawa, kyamara ta riƙa lilo. In ya yi tauri, karkarwa ta dawo. Man jirgi kuwa ba abin wasa ba ne da za a ce a tashi don gwaji. Sai na riƙa ɗaura ta a ƙahon babur ɗin Haladu, in ce ya bi hanyar dajin Doguwa, inda ta fi ramuka, ya dawo mu duba. In ƙara auduga, in rage, ya koma.

Ya ce, "Matar yaya, kyamarar ce kike gwadawa ko ƙuguna?"

Na ce, "Duk biyun. Ita dai tana da amfani."

Sauran ƙananan abubuwan, aiki ne ya koya mini su ɗaya bayan ɗaya. Bakin ƙiri ba a barinsa yana reto, sai a yanke a cusa, in ba haka ba iska ta riƙa kaɗa shi yana dukan ido. Kowace fata ana shafa mata mai, amma ban da wannan, don iska tana kwasar maiƙon ta shafe hoto. In ana son ido ya kalli ƙasa, ɗan guntun icce ake fiƙewa a cusa a bayan gammo tun ƙiri yana jiƙe. Bayan ya bushe, babu gyara sai wuƙa.

Masu zuwa neman aiki iri-iri ne. Akwai mai gonar masara a Doguwa da ya ga hotonta daga sama, ya gane ma'aikatansa bakin hanya kawai suke zuba wa taki, tsakiya duk ta yi rawaya. Akwai wani Ardo daga yankin Tudun Wada da shanunsa suka ɓace a daji. Da Haladu ya nuna masa hoto, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Waɗannan ƙwayoyin riɗin su ne shanuna?" Aka ce su ne. Ya sa yatsa a kan wani ɗigo, ya ce, "To wannan ce ta ja su. Halinta ke nan tun tana maraƙa." Aka je aka same su a wurin.

Yanzu mu zo ga shekarar da ba ta yi kyau ba.

Saude tana aure a wani ƙauye a bakin ruwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gonar shinkafar rani, kuma gonarta ce ta ƙarshe, ita ta fi kowace kusa da ruwa. A shekarar nan shinkafa ta yi kyau, ta fid da kai, ƙwayarta na cike da nono. Sai jan baki ya sauka. Ku 'yan yanzu kuna ganinsa ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba. Ba ku gan shi ba ne in ya taso da rundunarsa, rana ta dushe, ƙasa ta yi inuwa. Kowa ya fita gona, babba da yaro, an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye, ana kaɗawa, ana jifa da majajjawa, ana ihu tun asuba har murya ta dushe. A kore su nan, su sauka can.

Aka ce akwai babban jirgin feshi da zai iya zuwa, amma ba ya yawon nema. Sai an nuna masa ainihin makwancin tsuntsayen. Su kuwa a cikin kacala suke kwana, ciyawar nan mai tsawo da ta cika gefen ruwa, tafiya mai nisa duk kama ɗaya. Kyaftin ya ce zai iya bin su da yamma, amma daga nesa, daga sama, don in ya matsa za su shiga farfela. Shi bai san lungunan ruwan ba. Masunta ne suka sani. In kyamara ta ɗauko hoto mai kyau aka nuna musu, za su gane wurin.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne mai nauyi. Tsuntsun da ake kora ba ya ƙoshi, sai ya rarrabu, ya yi ta shawagi har duhu, sannan ya tafi gida ƙungiya-ƙungiya, lokacin da kyamara ba ta gani. In ana so su tashi gaba ɗaya da sauran haske, dole a bar su su ci su ƙoshi. Wato a ce wa manomi ya zauna yammaci guda, ya naɗe hannu, yana kallo ana cin gonarsa. Kuma man da ƙungiyar manoma ta iya saya na tashi ɗaya ne.

Sarkin Noman ƙauyen, dattijo mai tsoron Allah da jama'a ke jin maganarsa, shi ya bi gida-gida har aka yarda. Ni kuwa na yi ɗaurina tun ana gobe, rana ta yi nata aikin, na buga shi da yatsa ya yi ƙara kamar ganga. Ranar tashi, bayan azahar, na tafi gonar Saude in taya ta sauke igiyoyi. Haladu ya sa kyamara a gidanta na fata da la'asar, jirgi ya tashi. Gari ya yi tsit, tsuntsaye suka ci, suka tashi, jirgi ya bi su.

Washegari da hantsi aka taru a zauren Sarkin Noma, manoma da masunta, har waje. Haladu ya kunna. Da fari ga gonaki nan sarai. Can sai hoton ya fara sunkuyawa a hankali, kamar mai gyangyaɗi, har ya tsaya a kan tayar jirgi. Daga nan har ƙarshe, taya. Majanyi ne ya hana kyamarar faɗuwa.

Wani manomi ya ce, "To, jama'a, mun ba da shinkafa mun sayi taya." Ba wanda ya yi dariya.

Kyaftin ya kwatanta inda yake zato, aka bi da kwale-kwale, ba a sami komai ba. Jirgin feshi bai zo ba. Tsuntsayen kuwa sun ɗanɗana wurin da ba a kora, suka dawo da 'yan'uwansu. Gonar Saude, abin da aka yanka a cikinta bai kai su damina ba.

Ni dai na je na yanko ƙirin da wuƙata, na kawo gida na duba. A lokacin ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, to me ya sassauta shi? Sai na ga baƙi-baƙi a cikin murɗin. Na sa a harshe, na ji ɗanɗanon ƙaro da gawayi. Wadda ta shekara da shekaru tana rufa laya ba za ta kasa gane tawada ba. Na miƙa wa Malam, ya shinshina, ya ce, "Rubutu ne."

Na koma ƙauyen, na sami Sarkin Noma shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya sa wa ɗaurina albarka?"

Ya ce, "Ni ne, Iya. Liman na sa ya yi rubutun tsari, aka wanke allo. Na ce abin da zai hau sama ɗauke da abincin gari ba ya tafiya haka nan. Da kuka tafi na zuba masa sosai, har na lulluɓe shi da tsumma mai ruwan, don kada rana ta shanye kafin ya shiga. Sai dab da la'asar na cire."

Na yi masa bayanin ƙiri da ruwa. Ya dafe kai. Sannan ya ce, "Inna lillahi. Yau zan tara su in faɗa."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Yanzu ransu a ɓace yake. In ka faɗa yau, ba za su ƙara jin maganarka ba, tsuntsu kuwa zai dawo baɗi, kuma bakinka za a nema. Ka ajiye sai ranar da za ta yi amfani."

Shekarar nan sunana ya koma Iya Mai Taya. A kasuwa, a gidan suna, har yara. Masu gonaki suka ce wa Kyaftin ya canza mai ɗauri. Ya ce musu ransa ne a kan sandar, shi zai zaɓi wanda zai taɓa ta. Aiki ya ja baya, na koma kube da guga. Amma na yi wa kaina doka: daga ranar, hannuna ne na ƙarshe da zai taɓa ɗauri kafin jirgi ya tashi, ko da gobara ake a gidanmu.

Kwanci tashi, rani ya zagayo. Saude ta sake shukawa da irin da 'yan'uwan mijinta suka taimaka mata. Shinkafa ta yi nono, jan baki ya dawo. In aka ci gonar nan karo na biyu, sai dai Saude ta saki gonar, ta kwaso yara ta dawo gida.

Aka yi taro a ƙofar gidan dagaci. Maza a gaba, mu mata a gefe. Da aka ambaci zaman yammaci guda, wuri ya kaure. Wani ya ce, "Bara taya, bana me? Wutsiya?" Sarkin Noma ya miƙe da sandarsa, ya jira aka yi shiru. Ya ce, "Jama'a, bara ba ɗaurin Iya ne ya ci shinkafarku ba. Ni ne na jiƙa shi." Ya faɗi komai, bai rage ba.

Can wani dattijo ya juyo wajena, ya ce, "To ke, Iya, kina nufin bana a tashi jirgi ba rubutu? In haka ne ni ba ruwana. Ba zan saki gonata ga abin da aka hana wa addu'a ba." Da yawa suka ce haka ne.

Kun ga inda aka tsaya. In na ce kada a zuba, sun janye. In na ce a zuba, taya.

Na ce, "Baba, wa ya isa ya hana? A yi rubutu, a yi wanda ya fi na bara yawa. Amma a kawo mini tun ana gobe, a juye a kaskona. Ƙiri dole a jiƙa shi kafin a ɗaura. To me zai sa in jiƙa shi da ruwan rijiya alhali ga wanda ya fi shi? Ya sha ya ƙoshi, in ɗaura, rana ta busar da shi da addu'ar a cikinsa. Bara a bayansa aka zuba. Bana a cikin jikinsa za ta zauna."

Liman ya gyaɗa kai, ya ce bai ga aibu ba, ai laya ma da fata ake rufa ta. Duk da haka mutane suka tsaya kallon juna, kowa yana jiran wani. Sai Saude ta tashi. Ba ta iya magana a taro ba. Ta ce kawai, "Tawa ce a bakin ruwa, ita za a fara ci." Ta karɓi wuƙata, ta nufi gona, ana kallonta, ta yanke igiyar gwangwanayenta. Aka ji zubarsu tun daga nan. Bayan wannan ba namijin da ya iya cewa a'a.

Ban taɓa yin ɗauri irin na ranar ba. Ƙirin daga tsakiyar gadon bayan ƙirgi na yanko shi, inda ya fi kauri ɗaya. Sarkin Noma da kansa ya juye rubutun a kasko. Ƙiri ya sha har ya yi baƙi. Na sa sabon gammo, na fiƙe icce, Kyaftin ya tsuguna yana duba inda ido ya kalla, yana cewa ƙasa kaɗan, Iya, ƙasa kaɗan, yawwa. Na ja, na murɗa, na cusa baki. Ya sa majanyi. Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fiffike, a nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Wata tsohuwa ta zo da ɗan ƙoƙonta na rubutu a ɓoye cikin mayafi, ita ma ta kawo nata taimakon. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ba Haladu ya shanye.

Ya ce, "Ni kuma me na yi?"

Na ce, "Kai ma kana bukatar tsari."

Da jirgi ya tashi, na tafi gonar Saude. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Gari guda a bakin gona, ba mai tari. Sai ƙarar tsuntsaye suna ci, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Saude ta zauna a kan kunyar gona, ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta, don kada su tafa ba da saninta ba. Suka ci, suka ci. Rana ta yi ja, da sauran haske, sai suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙin gobarar daji, suka miƙa kan ruwa. Can sama, a bayansu, ɗan jirgin yana bi.

Da hantsi zaure ya cika fiye da bara. Haladu ya kunna. Ga gonaki, ga bakin ruwa, ga baƙin hayaƙin yana tafiya, hoto a tsaye cak kamar mutum yana leƙe ta taga. Aka wuce kacala, aka wuce kacala. Sai hayaƙin ya fara zuba ƙasa. Wani tsohon masunci ya ce wa Haladu, "Tsaya, yaro. Koma baya kaɗan." Haladu mai furfura a gemu bai yi musun kiransa yaro ba, ya koma. Tsohon ya sa yatsa a kan wani dutse mai kama da turmi a kife. Ya ce, "Wannan dutsen bayan tsohon garinmu ne, wanda ruwa ya ci lokacin da aka tare kogi. A kansa muke shanya wanki muna yara. Ko ido rufe zan kai ku."

Ya kai su. Jirgin feshi ya zo. Gefen gonar Saude na bakin ruwa ya tafi, wannan ba makawa, amma sauran ta yanka ta sussuke, ta cika ɗaki. Ba ta dawo gida ba sai da ziyara, ɗauke da tuwon sabuwar shinkafa a ka.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Kakanku Malam ya ci tuwon nan, damina ba ta fita ba Allah Ya karɓi abinsa. Sarkin Noma ya ƙara shekaru, kuma har ya bar duniya, duk tashin da za a yi a yankinsu sai ya aiko mini da rubutu tun ana gobe, ba a ranar ba. Saude kun san ta, wasunku ita ta haife ku, gonar kuwa tana hannunta har yau. Haladu ya tsufa, 'ya'yansa ne a shagon, suna da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da suke zuwa da kyamararsu a jiki, irin waɗanda suka sa kuke ganin abin wasa ne. Har yanzu in ya zo sai ya ce ni na lalata masa ƙugu. Sunan Mai Taya bai bar ni ba, amma yanzu masu kiran da girmamawa suke yi, ni ma ina amsawa. Kyaftin ya daina tashi, ido ya ce ya isa. Jirgin yana gidansa a Doguwa ƙarƙashin rumfa, kaji suna kwana a inuwarsa.

Baƙin ƙirin nan kuwa yana nan a jikin sandar, Kyaftin bai yarda an yanke shi ba. Duk wanda yake cewa latsawa ce kawai a cikinku, motar Doguwa tana tashi da safe. Ya je ya gaishe da Kyaftin, ya kwance ɗaurin da yatsunsa, ya kawo mini. In ya kasa, ya dawo ya zauna a nan. Ga zare, ga kaki. Daga nan ake farawa.